RX-8 ko mai fistin: wacce ta fi jure wuta a filin tsere?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Ingila, na daɗe ina zuwa kallo a ranakun da ake buɗe filin tsere kowa ya shiga da motarsa, yanzu kuma ina so in shiga da tawa. Kuɗin hannuna zai sayi Mazda RX-8 mai kyau har ya yi saura, ko in ƙara in ɗauki Nissan 350Z mai injin fistin. Ƙarar RX-8 da yadda take shan kwana ne ke ja na, amma duk wanda na faɗa wa sai ya ce injinta na rotari, wato marar fistin, ba ya kai labari. Ina so in ji daga bakin waɗanda suka taka totur ɗinsa da ƙafarsu.

Sarkin Totur:
Wa'alaikumus salam Baban Ummi. Na riƙe RX-8, mai giya shida da ƙarfin doki 231, kuma na sha kai ta Cadwell Park. Wanda ya san filin nan ya san ƙunci gare shi, hawa da gangara, kwana na bin kwana. A irin wannan wuri ban taɓa tuƙa motar da ta fi ta biyayya ba. Injin ƙarami ne, lita 1.3, an cusa shi can baya kusa da direba, don haka nauyi ya rabu daidai tsakanin gaba da baya. Kana juya sitiyari hancinta ya bi.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne injin nan wuta yake so. Babu fistin mai hawa da sauka, babu bawul, rota biyu ne masu kusurwa uku suna juyawa, kuma sai sandar injin ta zaga sau uku kafin rota ta zaga sau ɗaya. Shi ya sa za ka kai juyi 9,000 a minti ba girgiza, har sai ƙararrawar cikin mota ta yi maka tsiwa ka canja giya. Abin da ke kashe shi zaman gari ne: a tayar, a je shago, a kashe. Baƙin toka ya taru, sil ɗin bakin kusurwoyin rota, waɗanda su ne ringinsa, su cije, matsin injin ya faɗi. Nawa bai taɓa ba ni matsala a filin tsere ba. Ina duba baƙin mai duk lokacin da na sha fetur, domin da gangan injin ke ƙona shi kaɗan-kaɗan don shafe sil ɗin, kuma ina zuba ɗan man babur a tanki ranar tsere.

Fetur kam, ka shirya. Tana sha kamar raƙumin da ya fito daga sahara.

Ɗan Gwarzo:
Yallaɓai Sarkin Totur ya faɗi gaskiya, amma ni 350Z na zaɓa kuma ban yi nadama ba. Na gwada duka biyun kafin in saya. RX-8 ba ta da ƙarfin ja a ƙasa, 211 Nm ne kawai, sai ka riƙe ta sama da 6,000 kafin ta ba ka abin da kake so. In ka fito kwana da giyar da ba ita ba, kana gani a wuce ka. Ita Z injin V6 ne mai lita 3.5, ko a giya ta uku ka fito sai ta tura ka cikin kujera. Ga sabon shiga wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don hankalinka na kan layi da birki. Matsalarta nauyi. Tana cin taya, tana cin birki, kuma baƙin mai na zafi in ka daɗe kana ba ta wuta, sai da na ƙara mata abin sanyaya mai.

Maman Nana:
Daga Amurka nake. Malam Baban Ummi, in juyawar inji har 9,000 ce ta burge ka, akwai ta a mai fistin ma. Honda S2000 ta farko, lita 2, doki 240, nan take kaiwa. Ita muke da ita ni da maigidana, kuma tsawon lokacin nan mai da fulogi da birki kawai muke canjawa. Sai dai bayanta na saurin zamewa, ba ta yafe kuskure kamar RX-8, kuma yanzu ta yi tsada sosai. A nan na ga Mazda RX-7, yayar RX-8, da dama da aka cire musu rotari aka dasa V8, abin yana min ciwo don motar ta rasa ranta, amma na fahimci dalilinsu.

Injiniya Mai Rotari:
Hajiya, wannan dashen V8 ɗin ni ma yana ƙona min rai. Ina da RX-7 ta ƙarshe, wadda ake kira FD, mai turbo biyu. A cikinta zafi ne babban abokin gaba. Jikin injin faranti-faranti ne na alminiyam da ƙarfe da aka haɗa, da robobi masu tare ruwa a tsakani. In ya yi zafi fiye da kima sau ɗaya tak, robar na iya sallama, ruwa ya shiga ɗakin ƙuna, sai an sauke inji. Kafin in fara shiga fili sai da na canja lagireto da duk tiyon ruwa. Wanda ya sayar min ya ɓoye cewa ta taɓa tafasa, a hannuna ta nuna, na sake ɗaure injin daga farko. Tun daga nan lafiya lau.

Masu cewa rotari ba ya jure wahala su tuna Mazda 787B mai rota huɗu ce ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1991, motar Japan ta farko da ta yi haka. Wahala ba ta dame shi ba, sakaci ne ba ya ɗauka.

Oga Sani Bakanike:
Ni a Kano nake, kuma RX-8 ta shigo garejina, 'yar Beljiyam. Mai ita ya tayar da safe, ya matsar da ita daga rana, ya kashe tana da sanyi. Shi ke nan ta ƙi tashi, fetur ya cika ciki. Da na zare fulogi huɗun, biyu a kowace rota, jiƙe suke sharkaf suna warin mai. Na busar, na danne totur har ƙasa ina ba ta ki, don a haka kwamfutar ke yanke fetur, da ƙyar ta kama da farin hayaƙi. Kwayil ɗinta ma sun gaji, kuma da wuya ka same su a Kofar Ruwa, sai an yi oda. Don haka mai karantawa daga gida, shawarata mai fistin. Zafin Afrilu da cunkoso da man da ba ka da tabbacinsa ba abokan rotari ba ne, kuma in ya buga masu ɗaure shi ƙalilan ne. Ku na Ingila lissafinku daban.

Sarkin Totur:
Oga Sani ya tuna min abu mafi muhimmanci. Baban Ummi, kada ka biya ko sisi sai an auna matsin injin da na'urar rotari, ba ta fistin ba. Lamba shida za ta ba ka, fuska uku a kowace rota. Ka kuma tuƙa ta ta yi zafi sosai, ka kashe, ka sake tayarwa nan take. In ta yi ta gurnani kafin ta kama, bar musu kayarsu. In ka samu ta 2009 zuwa sama ta fi, don an ƙara mata bututun feshin mai na uku a kowace rota. Kuma kada ka sa mata salansa mai ihu, ana auna ƙara a bakin fili, suna iya mayar da kai gida.

Baban Ummi:
Allah ya saka muku da alheri. Na samu wani gareji na masu rotari kusa da ni, sun yarda su auna min kafin in saya. Zan nemi RX-8, canjin da ya rage in ajiye shi gefe don ranar sauke inji. Ɗan Gwarzo, in awon bai yi kyau ba zan neme ka kan Z ɗin. Wane irin man birki kuke zubawa ranar tsere?