Rezistan fankar lagireto: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Jama'a, musamman masu gyaran wayarin na mota da malamanmu na Hausa, ku zo mu tsayar da suna ɗaya ga wannan ɗan abin da muke kira rezista. Ina nufin wanda ke maƙale a jikin gidan fankar lagireto, wanda duk mai Peugeot 406 ko 307 da ya daɗe da motarsa ya san labarinsa.

Kafin suna, ga aikinsa. Fankar tana da gudu biyu. A babban gudu, wutar batir, wato bolt 12, tana shiga fanka kai tsaye. A ƙaramin gudu kuwa sai ta bi ta cikin rezista, shi ya rage mata ƙarfi. Abin da ya rage ɗin ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Rezista mai rabin om (ma'aunin yadda yake tauye wuta), idan amfiya 10 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) ta ratsa shi, wat 50 na zafi zai fitar, bisa lissafin amfiya sau amfiya sau om. Shi ya sa kamfani ya dasa shi a daidai hanyar iska, fankar da yake rage wa gudu ita ce ke yi masa fifita.

In ya ƙone, ƙaramin gudu ya tafi. Mota na tsaye cikin cunkoso, allurar zafi na hawa, esi ya daina sanyi, fanka shiru, sai can ta tashi da ƙara kamar za ta tsinke. Ciro shi ka duba: jikinsa ya tsage, ƙafafun sun yi tsatsa, robar soket ta narke ta yi baƙi.

Yanzu sunaye. Wani malami ya kawo "madatsar wuta". Yana da daɗin faɗa, amma madatsa tsare hanya take yi, shi kuwa wannan yana barin wuta ta wuce. "Mai rage wuta" gaskiya ne, sai dai ya yi faɗi, makunnin fankar ɗaki ma rage wuta yake yi. "Maragi" ya bi ƙa'idar ginin kalma, irin mabuɗi da makulli, kuma zai zauna daidai a littafin makaranta.

Ni dai a gareji "birkin fanka" nake so. Kowane yaron shago ya san birki rage gudu yake yi, ya kuma san in an daɗe ana taka shi ba ya taɓuwa don zafi. Sunan da kansa zai koya masa abin da ake yawan mantawa. Wanda ya san birki ne ba zai naɗe shi da salatef ya cusa shi bayan fitila inda iska ba ta kaiwa ba. Ba zai dogara da dalma kaɗai wajen haɗa wayar ba, domin dalmar da aka saba da ita tana narkewa a wajen digiri 183 na ma'aunin Celsius, gara a matse da kan waya na ƙarfe. In kuma irin mai rigar alminiyam aka sayo a madadinsa, zai ɗaure shi a jikin faffaɗan ƙarfe mai kwashe zafi, don wat ɗin da aka rubuta a jikinsa da wannan sharaɗin aka rubuta shi. Zai kuma fara gwada fankar da hannu, domin fankar da ta yi nauyi tana jan wuta fiye da kima, ta sake ƙona sabon.

Na guje wa "birkin wuta" da gangan, za a riƙa rikita shi da wutar birki a wurin masu sayar da kayan gyara.

Oga-oganmu na kasuwar Panteka a Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano, in yaro ya zo ya ce a ba shi birkin fanka na 406, za ku gane? 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma, ku da kuka koyi aikin da Faransanci, me kuke ce masa a gareji?