Zuwa Venis da zagaya Turai a jirgin ƙasa: Eurail ko tikiti ɗai-ɗai?

Matafiyi: Assalamu alaikum. Mako biyu gare ni a Turai, ina son in fara da Venis ta Italiya, daga nan Biyana ta Ostiriya, Jamus da Faransa, duk a jirgin ƙasa. In sayi katin Eurail, wanda ake hawa jiragen ƙasashe da yawa da shi na wasu kwanaki, ko in riƙa yankar tikiti ɗai-ɗai? Kuma a wace tasha ake sauka a Venis?

Ɗan Tasha: Wa alaikumus salam. Malam, kula da sunan tasha, don biyu ne. Venezia Mestre tana kan tudu, ba nan ne tsohon gari ba. Ka yi zamanka sai jirgi ya haye gada mai tsawon kusan kilomita 4 ya tsaya a Venezia Santa Lucia. Kana fitowa ga babbar mashigar ruwa a gabanka.

Mota ba ta shiga cikin gari, sai ƙafa ko jirgin ruwan haya da suke kira vaporetto. Tikiti guda na minti 75 Yuro 9.50 ne, na awa 24 kuma Yuro 25, to in za ka hau sau uku, na yini ya fi. Ka taɓa shi a na'urar bakin tasha kafin ka shiga, in ba haka ba tara ce. Kada ka ɗauko babban akwati: gadojin garin sun kai 400, galibinsu matakala ne, taya ba ta da amfani.

Mai Taswira: Batun kati, Eurail na wanda ba mazaunin Turai ba ne, Interrail na mazauna. Inda mutane ke ruɗewa shi ne kati ba kujera ba ne. Jirage masu gudu irin su Frecciarossa na Italiya da TGV na Faransa, da kuma jiragen dare, duk sai ka biya kuɗin kama kujera daban, kuma a wasu hanyoyin kujerun masu kati ƙididdigaggu ne, da bazara suna ƙarewa da wuri. Italo ma, wani jirgi mai gudu na kamfani mai zaman kansa a Italiya, ba ya cikin katin sam. A Jamus da Ostiriya ne katin ya fi amfani, yawancin jirage hawa kawai za ka yi.

Doguwar tafiya uku ko huɗu ce, kuma ka tsayar da ranaku? Yanki tikiti tun da saura wata biyu, ya fi araha. Kati na mai son sauya shawara ne a hanya. In ka saya, saka kowace tafiya a manhajar Rail Planner kafin ka hau. Jirgin dare na Nightjet zuwa Biyana rana ɗaya yake ci daga kwanakin katinka, ranar tashi, muddin ba ka sauya jirgi bayan sha biyun dare ba.

Ɗan Tasha: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. Tun 2024 akwai ranakun da masu zuwa Venis su koma a yini suke biyan kuɗin shiga. Mai kwana a otal ba ya biya, amma ya duba ƙa'idar rajista. Bizar Shengen kuwa, wato biza ɗaya da ake shiga duk waɗannan ƙasashe da ita, a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema.