Ina shayarwa, zan iya shan maganin kashe yunwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 33, haihuwata huɗu, autana watansa 7 yana shan nono. Tun da na fita jego jikina ya buɗe, da na hau sikeli a asibiti sai na ga kilo 96, ni kuwa ba doguwa ba, tsayina mita 1.60. Hawa bene sai na tsaya na huta. Matar yayana ta ba ni ragowar maganinta, phentermine, likita ne ya rubuta mata. Ta ce in ta sha da safe ko tuwo ba ya burge ta har dare. Bikin ƙanwata saura wata biyu. Na yi hawan jini da cikin nan, amma ya sauka bayan na haihu. In fara sha?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ajiye shi. Mai shayarwa ba ta shan phentermine, haka mai ciki. Ga kuma hawan jinin da kika yi, maganin nan yana ƙara bugun zuciya, yana ɗaga jini. Yaushe rabonki da awon jini ma? Gaskiya da wannan nauyi da tsayi, ma'aunin ƙiba na BMI ɗinki ya haura 37, likitoci kuwa daga 30 suke fara tunanin magani, ko 27 in akwai ciwon suga ko hawan jini. To kina cikin waɗanda za a iya dubawa, amma bayan yaye, kuma sai an auna jini da suga, an tambayi tarihin zuciyarki. Ko an rubuta miki, na ɗan lokaci ne, galibi bai wuce mako 12 ba. Abin da aka rubuta wa matar yayanki, jikinta aka duba.

Uwar 'yan biyu: Ni na sha, likita ne ya ba ni. Ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Amma bakina kullum a bushe, barci kuwa sai biyun dare ina juyi. Da na daina, yunwar ta dawo da ƙarfinta, ni kuma ban canja cimata ba, kafin shekara ta zagayo teɓar ta dawo gidanta.

Wata 'yar uwa: Ki nemi shayin rage ƙiba mana, ai na ganye ne, ba ya illa.

Wani mai harhaɗa magunguna: Haba Malama, kar ki jefa ta. An sha gano sibutramine a ɓoye cikin irin shayin nan da kafso masu cewa ganye ne zalla. Maganin da Amurka da Turai suka janye ke nan a 2010, saboda ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kafin wata ta kawo zancen allurar Ozempic, wato ta ciwon suga da wasu ke yi don rage ƙiba, ita ma ba ta mai goyo ba ce, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta.

Wata Hajiya: 'Yata, biki kwana nawa ne? Ki sa tela ya saki ɗinkin. Ki bar lemon kwalba da shayi mai suga cokali uku, ki rage tuwon dare, ki riƙa tattaki bayan la'asar. Kada dai ki matsa wa kanki da yunwa, yaro na jan ki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Rabona da awon jini tun arba'in. Ranar Talata zan kai autana rigakafi, zan sa a auna ni, in tafi da kwalin maganin in nuna wa likita.