Ƙibar yaro: lafiya ce ko ciwo?

Hajiya Dudu (Garwa): Salamu alaikum. An auna jikana mai shekara 13 a asibiti, yaro ne mai ƙiba, wai tansiyon ɗinsa, wato awon jininsa, 138 bisa 86, a rage masa gishiri da lemon kwalba. Ni ban yarda ba. Hawan jini ciwon tsofaffi ne. Mu da muka ga yara da ciwon yunwa, rama muke tsoro.

Malam Buba (Marwa): Hajiya ta yi gaskiya. Ƙibar ƙuruciya ce, yana yin tsawo za ta zube.

Asma'u (ma'aikaciyar jinya, Ngaundare): Inna, Allah ya ƙara girma, awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an maimaita a ranaku uku daban-daban, da ɗamarar da ta dace da damtsensa, don ƙarama tana ƙara lamba. Amma tun 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce daga shekara 13, awon da ya kai 130 bisa 80 hawan jini ne. Zuciya tsoka ce. In ta daɗe tana tura jini da ƙyar, bangonta kauri yake yi, yaro kuwa yana ta dariyarsa, ba inda ke masa ciwo. Abin da ke tayar mini da hankali kenan.

Malam Buba: To, 'yata, mu sa yara azumi?

Asma'u: A'a Baba, ya ci tuwonsa da miyar kuka ya ƙoshi. Dunƙulen Maggi za a rage, gishiri ne maƙil a cikinsa, sai sukarin folere (zoɓo) da na shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro ya samu awa ɗaya na guje-guje kullum. Wani bincike na 2011 ya bi mutum fiye da 6,000 tun suna yara. Waɗanda suka rabu da ƙiba kafin su girma, haɗarin hawan jininsu ya koma kusan daidai da na waɗanda ba su taɓa yin ta ba.

Hamadu (Garwa): Awa ɗaya a ranar Afrilu ta Garwa? Ai sai bayan la'asar. Ƙannena suna ƙwallo a lokacin, a turo shi, ni zan riƙa zuwa ɗaukarsa.

Hajiya Dudu: Ƙwallon na amince, lemon ma. Amma miya ba Maggi, wa zai ci?

Asma'u: A fara da rabi, Inna, a ƙara daddawa da tafarnuwa. In kun koma, ki roƙa a duba fitsarinsa, don ciwon ƙoda ma yana hawar da jinin yara.

Hajiya Dudu: Ran Litinin zan kai shi da kaina.