Sunan Rufaida: masu sunan da iyayensu, ku ba mu labarin yadda kuka yi da shi

Baban Sadiq, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Uwargida ta sauka ranar Litinin, Allah ya ba mu 'ya mace, uwa da jaririya duk suna lafiya. Na yi mata huɗuba da Rufaida, sunan da ni da mahaifiyarta muka daɗe muna so. Da na gaya wa Hajiyarmu sai ta yi shiru, can ta ce ita tun tasowarta ba ta taɓa jin mace mai wannan suna ba, tana gudun kada yarinya ta tashi kowa na karya mata suna. Ba ta hana ba, amma na ga abin bai kwanta mata ba. Kafin ranar suna ina so in ji daga bakin waɗanda suka sa wa 'ya'yansu shi, ko masu sunan da kansu. Yaya dangi suka karɓe shi?

Maman Rufaida, Zariya

Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya ta a kan sunna. Tawa yanzu tana aji huɗu a firamare. Abin da ya faru da mu ranar suna shi zan fara gaya maka don ka shirya. Maigida ya raɗa wa liman sunan, aka yi addu'a aka shafa, sai sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya ya ce an sa wa abin haihuwa Rufa'i. Muna cikin gida maganar ta iso, wasu baƙi daga ƙauye suka hau tambayar juna, ashe namiji aka haifa? Sai da ƙanen maigida ya shigo ya gyara. Bawan Allah ba da gangan ya yi ba, kunnensa ne ya kai shi ga sunan da ya saba ji. Ka rubuta sunan a takarda, da Larabci da boko, ka ba liman da wanda zai yi shela tun daren suna.

Surukata kuwa ta fi shekara tana ce mata Rufa'atu, ban taɓa gyara mata ba saboda kunya. Jikokinta masu zuwa Islamiyya ne suka ba ta tarihin mai sunan, yanzu in yarinyar ta shigo sai ta ce ga likitar gida ta zo.

Malam Abu Hafsa, Sakkwato

Allah ya raya, ɗan uwa. Ina koyarwa a Islamiyya, kuma a 'yan shekarun nan ne na fara ganin sunan a rajistar ƙananan azuzuwa, galibi 'ya'yan waɗanda suka yi karatun sira ko suka zauna a ƙasar Larabawa. A cikin iyayen yara mata ban taɓa cin karo da shi ba. Don haka Hajiya gaskiyarta ne, baƙo ne a ƙasar Hausa, amma asalinsa tsoho ne kuma mai daraja.

Tushensa a Larabci shi ne rifdu, wato kyauta ko tallafi, agazawa wanda nauyi ya yi masa yawa. Daga nan aka samo rifada, hidimar ciyar da mahajjata da Ƙuraishawa suke yi a Makka tun kafin Musulunci, wadda ta kasance a hannun Hashimu, kakan mahaifin Annabi (SAW). Shi kuma Rufaida sigar ƙanƙantawa ce ta ƙauna, ƙira ɗaya da Zubaida da Nusaiba da Umaima. Ba shi da dangantaka da Rufa'i, wancan daga kalmar ɗaukaka ya fito.

Wadda aka san sunan da ita sahabiya ce, Rufaida 'yar ƙabilar Aslam. Tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su, don neman lada. A Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Aus ta Madina, a jijiyar hannu. Annabi (SAW) ya sa aka kai shi hemar Rufaida don ya riƙa duba shi daga kusa. Wannan yana cikin sirar Ibn Hisham. Ka duba girman amanar: babban mutum irin Sa'adu, a lokacin da Madina take cikin tsanani, hannun mace aka damƙa shi. Shawarata ka je ka zauna gaban Hajiya ka ba ta wannan labari da bakinka, kada ka tura mata saƙon murya.

Rufaida, Kaduna

Yaya, ni mai sunan ce, kuma na wuce talatin. Mahaifina ya yi karatu a Madina, da ya dawo aka haife ni. Daga firamare har na gama sakandare ban haɗu da takwara ba. Ba zan ɓoye maka ba, ina ƙarama abin ya dame ni. Ranar farko a kowane sabon aji malami sai ya tsaya in ya zo kan sunana, wani ya ce Rufa'ida, wani Rafida, yara su yi dariya. Na taɓa roƙon Mama a mayar da ni Fatima.

Abin da ya riƙe ni shi ne Baba bai gaji da ba ni labarin mai sunan ba, har na haddace shi, kuma duk wanda ya tambaya ina da amsa. Yanzu ni ma'aikaciyar jinya ce. A makarantar koyon jinya an karantar da mu tarihin Florence Nightingale da aikin da ta yi wa sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya daga 1854, kuma ta cancanci yabo. Amma ina zaune ina lissafi a raina, hemar Rufaida ta riga wannan da shekara sama da 1,200. Da na faɗa a aji, har 'yan uwana Musulmi da yawa ranar suka fara ji. Tun daga lokacin nake alfahari da sunana. Tsofaffin da nake jinya kuwa Fa'ida suke ce mini, ina amsawa, don shi ma suna ne mai kyau.

Hajiya Kaka, Katsina

Ɗana, Allah ya raya mana. Ni zan yi magana ne a madadin Hajiyarka, don na zauna a inda take zaune. Da aka haifi jikata ta fari, ɗana ya zo mini da wani suna da ya gani a waya, na tambaye shi ma'anarsa bai sani ba. Naka ba haka yake ba, tunda Malam ya faɗi asalinsa, kuma na ji daɗin jin sa.

Sai dai ka bincika, wataƙila ba wuyar sunan ce ta sa ta yi shiru ba. Ita ce 'ya macenka ta fari? In haka ne, mai yiwuwa ta sa ran takwara, ko ta so a tayar da sunan mahaifiyarta, kuma uwa ba ta buɗa baki ta roƙi wannan. Ka sa wata gwaggonka ta ji maka ta bakinta. In hakan ne, ka lallashe ta, ka yi mata alkawarin ta gaba.

Maganar karya suna kuma, mu Hausawa haka muke yi wa sunan da muka riƙa. A'isha ta zama Indo, Hadiza ta zama Dije, Fatima Binta, Maryam Mairo, Zainabu Abu. Rufaida bai daɗe ba shi ya sa bai sami nasa ba tukuna. Abin da ke damuna ni shi ne namu na gida da ake gudu. Yaushe rabon da ku ji an kira yarinya Kande don ta biyo maza, ko Azumi don an haife ta cikin watan azumi? Ko a laƙabi ne ku riƙa tunawa da su.

Baban Roufaïda, Damagaram

Barka, ɗan uwa. Mu a nan Nijar wahalar da muka sha ta rubutu ce. A takardar haihuwa an rubuta mata shi da ƙa'idar Faransanci, Roufaïda. Da ta koma wajen kawunta a Daura don karatu, aka rubuta Rufaida a wata takarda, Rufaydah a wata. Lokacin da ta zo neman shiga babbar makaranta aka ce sunayen ba su dace da juna ba, sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu. Ku tsayar da rubutu ɗaya kai da mahaifiyarta tun yanzu, shi za a sa a katin rigakafi da takardar haihuwa da rajistar makaranta, kuma duk inda za a rubuta ka tsaya ka karanta da idonka kafin a buga hatimi.