Karatun fim a makaranta ko koyon aiki a hannun ubangida: ina ya fi dacewa a zuba kuɗin?

Uban ɗalibi, Kano:
Assalamu alaikum. Ɗana ya kammala sakandare, kuma ba shi da burin da ya wuce ɗaukar hoto da aikin fim. Hanyoyi uku ke gabanmu: Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ko Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero, ko kuma in tara kuɗin in saya masa kyamara in damƙa shi ga wani ƙwararre a nan Kano. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma yana da ƙanne a makaranta, don haka ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini inda kuɗin zai fi amfani.

Mai ɗaukar hoton fim:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Cibiyar Jos tana ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, kuma tana ba da digirinta ne da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, saboda haka takardarta karɓaɓɓiya ce. Sai dai kada ku tsaya ga kuɗin rajista wajen lissafi, domin shi ne ƙaramin kaso. Akwai masauki da abinci da kuɗin mota tsakanin Kano da Jos na shekara huɗu, akwai kwamfutar da za ta iya ɗaukar nauyin tace fim, wadda ta ɗara ta rubutu tsada nesa ba kusa ba, sannan akwai fim ɗin kammala karatu, inda ciyar da 'yan wasa da jigilarsu da man janareta sukan faɗo a kan ɗalibi. Idan ya zauna a Bayero yana kwana a gida, kun huta da babban ɓangare na wannan ɗawainiya, amma ku duba manhajar da kyau, domin karatun aikin jarida ko wasan daɓe daban yake da koyon haska fitila da ɗaukar sauti.

Abin da ake biya a makarantar fim shi ne lokacin da yaro zai yi da kayan aiki a hannunsa. Ku je da ƙafarku ku tambaya: kyamara nawa ke aiki a yau, ɗalibai nawa ke rabon kowace ɗaya, kuma ana barinsu su fita da ita? Ku nemi a nuna muku fina-finan waɗanda suka gama bara.

Mai shagon hoto, Kaduna:
Alhaji, ni ina ganin ya kamata a raba maganar gida biyu. Idan hoton biki da suna da na kayan talla yake so, ba sai an kashe kuɗin shekara huɗu ba, domin babu amaryar da ke neman ganin takardar digiri kafin ta ɗauki mai hoto. Aikinsa na baya take dubawa a Instagram. Yaro mai natsuwa yakan koyi wannan a hannun ubangida, ya ma fara samun na kashewa. Fim kuwa ba haka yake ba. Wanda ya koya a wurin ɗaukar shiri kaɗai yakan gaji gwanintar ubangidansa tare da kurakuransa, kuma duk mai kallon fina-finanmu ya san inda muka fi rauni shi ne sauti da tsara labari, waɗanda ba kasafai ake samun mai zama ya koyar da su ana tsakiyar aiki ba.

Malamin makaranta:
Hajiya mai shagon hoto ta yi gaskiya, amma kada a raina takarda. Da digiri ne zai je bautar ƙasa, ya nemi aiki a gidan talabijin, ya koyar, ko ya ƙaro karatu idan kasuwar fim ta ja baya. Game da kuɗi, tun 2024 asusun NELFUND yake ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ku tabbatar makarantar da kuka zaɓa tana cikin tsarin. Akwai kuma MultiChoice Talent Factory a Legas, horon fim da kamfanin MultiChoice ya fara ɗaukar nauyinsa a 2018, sai dai gurabensa kaɗan ne kuma an fi ɗaukar wanda ya riga ya fara aikin. Makarantun fim na Amurka kuwa sukan ci dubban daloli masu yawa a shekara, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 ban ga dalilin da zai sa mai albashi ya ci bashi dominsu ba.

Uban ɗalibi, Kano:
Allah ya saka muku da alheri. Na tambaye shi, ya ce fim yake so, ba hoton biki ba. Za mu je Jos mu ga kayan aikin da idonmu, kuma kafin a fara ɗaukar ɗalibai zan haɗa shi da wani mai tace fim a unguwarmu, in ga ko zai jure zaman aikin kafin in sayi kwamfutar.