Kwana biyu a lardin Ninh Binh na Biyetnam: ina za a je, me za a ci, ina za a yi salla?

Ɗan Kura ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ta masu casar shinkafa a nan Kura za ta tura mutum uku Hanoi, babban birnin Biyetnam, a makon ƙarshe na watan Mayu, su dubo injinan casa da na busarwa. Cikinsu akwai kawuna, shekararsa 62, gwiwa tana ɗan taɓa shi. Za su sami kwana biyu babu aiki, wanda zai karɓe su kuma ya ce ya kamata su leƙa lardin Ninh Binh, wai akwai manyan wuraren ibadar mabiya Buddha, da duwatsu, da shiga kwale-kwale cikin kogo. Don Allah wanda ya san wurin ya yi mana bayani: yaya ake zuwa, me dattijo zai iya gani ba tare da ya jigata ba, kuma yaya maganar abinci da salla?

Malam Na-Auyo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan Kura, abu na farko, kada su yarda da tafiyar yini guda da ake tallatawa a otal-otal na Hanoi, a ɗauke ka da safe a dawo da kai da dare. Daga Hanoi zuwa garin Ninh Binh kilomita casa'in da ɗoriya ne ta kudu, awa biyu a mota. Ka ga awa huɗu sun tafi a hanya, sauran kuma gudu ne daga nan zuwa can, kuma kana isa ko'ina da tsakar rana, lokacin da kowa ya isa. Watan Mayu a can zafi ne mai gumi, ba irin namu busasshe ba. Su tafi da yammar ranar da aiki ya ƙare, su kwana a ƙauyen Tam Coc, kamar kilomita 7 daga garin, inda ƙananan masaukai suka yi yawa. Akwai jirgin ƙasa daga tashar Hanoi, awa biyu da 'yan mintoci, akwai kuma ƙananan bas masu cin mutum tara da ke ɗaukar fasinja har ƙofar masauki. Saboda Kawu, bas ɗin ta fi, don babu sauka da hawa da kaya.

Wata ƙaramar matsala da za su kiyaye: a watan Yulin 2025 an haɗe Ninh Binh da lardunan Ha Nam da Nam Dinh suka zama lardi ɗaya. Saboda haka idan an ce musu wuri kaza "a Ninh Binh yake", su tambayi nisansa daga Tam Coc. Babban wurin ibadar Tam Chuc, alal misali, yanzu cikin lardin yake, amma can baya ne ta wajen Hanoi, ba ya cikin zagayen kwana biyu.

Babban wurin ibadar da ake nufi shi ne Bai Dinh, kuma biyu ne ba ɗaya ba. Akwai tsohon, a cikin kogo a jikin dutse, sai an hau matakala wajen ɗari uku. Kawu ya haƙura da wannan. Akwai sabon, wanda aka fara ginawa a 2003, shi ne mai girman da ake ba da labari. Daga inda ake ajiye mota zuwa babbar ƙofa tafiya ce mai nisa, sai a sayi tikitin ƙaramar motar lantarki, kuma a saya na zuwa da dawowa tare. Daga ƙofar, ginin yana hawa ne a jikin tudu, zaure bayan zaure. Ta gefe biyu akwai doguwar baranda mai rufi, an jera mutum-mutumin dutse 500 na almajiran Buddha, kowanne da tasa fuska da nasa zama, gwiwoyinsu da tafukan hannunsu sun yi baƙi suna sheƙi saboda shafawar masu ziyara. Akwai ƙararrawar tagulla mai nauyin tan 36, da mutum-mutumin Buddha na tagulla mai tan 100, da hasumiya mai hawa 13. Hasumiyar tana da na'urar hawa, da tikitinta daban, kuma daga samanta ake ganin duk yankin. Wannan ita ce ta dattijo. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su bi barandar da ƙafa tun daga ƙasa har sama, ƙarfi ya ƙare kafin a kai rabi. Su tambayi masu motar lantarki ta kai su sama, su gangaro a hankali. Awa biyu zuwa uku sun isa, kuma su kasance a ƙofa da sassafe.

Da yamma su biya Hoa Lu, tana kan hanyar dawowa. Nan ce fadar ƙasar daga 968 zuwa 1010, kafin sarki Ly Thai To ya mayar da ita inda Hanoi take yau. Abin da ya rage gidajen tunawa da sarakuna biyu ne, Dinh Tien Hoang da Le Dai Hanh. Fili ne shimfiɗaɗɗe, minti arba'in sun wadatar.

Rana ta biyu ta kwale-kwale ce, ni Trang An zan ce, wani yanki na duwatsu da ruwa da ke kusa da nan. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Mutum huɗu ke shiga kwale-kwale ɗaya, kowa da rigar kariya daga nutsewa, kuma a wurin sayen tikiti ake zaɓar hanya: wata tana bi ta kogo tara, wata kogo uku kawai amma ɗaya daga ciki ya kai kilomita guda. Tafiyar kusan awa uku ce. Rufin wasu kogunan dutsen ƙasa-ƙasa yake sosai, idan matuƙiya ta yi magana a sunkuya nan take, a cire doguwar hula tun kafin a shiga.

Dutsen Hang Mua mai matakala kusan 500, da dodon dutse a ƙololuwarsa, na samarin biyu ne. Su hau da sanyin safiya, kada su hau bayan ruwan sama, matakalar ba daidai take ba kuma tana santsi.

Hajiya Uwar Marayu ta amsa:

Malam ya gama da hanya, bari in ɗauki cikin tukunya, don nan ne namu suke faɗawa.

Abinci biyu Ninh Binh ta yi suna da su: naman akuyar dutse da ƙanzon shinkafa. Za ku ga hoton akuya a ƙofar kusan kowane gidan abinci, mutumin Kano kuma yana ganin akuya sai hankalinsa ya kwanta. Ɗana, ka faɗa wa Kawu ba yankan Musulmi ba ne. Har da jininta suke haɗa wani abinci ɗanye, suna kiransa tiết canh, kamar jan kunu da ya daskare a ƙaramin kwano, da gyaɗa a kai. Sau da yawa kuma ana kawo naman da giyar shinkafa ta Kim Son, fara tas kamar ruwa, a ƙaramin kofi. Kada a kurɓi abin da ba a ga an buɗe kwalbarsa ba.

Ƙanzon kuwa, sunansa cơm cháy. Ƙanzo ne sosai irin namu, sai dai busar da shi ake yi a soya. Matsalar ita ce wanda ake sayarwa a leda yawanci an barbaɗa masa wani abu mai kama da dambun nama, kuma galibi na alade ne. Ga inda ake ruɗewa: cơm chay, ba tare da ɗan karan nan a kan harafin a ba, yana nufin abincin da babu nama a ciki sam, irin na masu ibadar Buddha. Rubutu kusan ɗaya, ma'ana daban. Kalmar chay ita za su nema a allon gidan abinci, kuma kusa da wuraren ibada ba a rasa irinsu: shinkafa, awara, ganye, naman kaza na tsiro (ba na kaji ba), gyaɗa. Awararsu ma kamar tamu ce. Kada su dogara da furtawa, harshen yana da hawa da saukar murya, kuskure kaɗan sai ka faɗi wata kalmar. Mai masaukinsu na Hanoi ya rubuta musu a takarda: ba ma cin alade, ba ma cin kitsen alade, ba ma shan giya. Alade thịt lợn ne a arewacin ƙasar, a kudu thịt heo. Maganar kitse tana da muhimmanci, domin ko ƙwai ko ganye aka nema ana iya soyawa da shi, romon taliyarsu kuma da ƙashi ake dafa shi.

Su tafi da guzuri daga gida: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, yaji. Kilishi da dambu kuwa a bar su, ana iya ƙwacewa a filin jirgi. Ayaba, mangwaro, abarba da dafaffen ƙwai suna ko'ina.

Salla: masallacin da aka sani a duk arewacin ƙasar shi ne Al-Noor, a titin Hang Luoc cikin tsohon garin Hanoi, kuma a kewayensa ne ake samun gidajen abincin halal. Idan Juma'a ta faɗo cikin kwanakin, a Hanoi za ta same su. A Ninh Binh sai masauki. Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne alƙibla. Mu nan "gabas" muke cewa, har kalmar ta zama sunan alƙibla a bakinmu. A can Makka tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Agogonsu yana gaban namu da awa shida, kada a bi wayar da ba ta sauya lokaci ba. A watan Mayu alfijir yana ketowa da wuri ƙwarai. Matafiya ne, suna da damar ƙasaru, su tsara fita ta yadda Azahar za ta same su a masauki, dama lokacin ne rana ta fi duka. Su ɗauki buta ƙarama da dadduma mai naɗuwa. Gidaje da yawa suna da karnuka a tsakar gida, a tambaya kafin a kama ɗaki.

Sarkin Noman Kadawa ya amsa:

Malam Na-Auyo, a yi mini afuwa, a kan kwale-kwale ban bi ka ba. Da a wani watan ne sai in ce Trang An. Amma mutanen shinkafa ne, kuma ƙarshen Mayu za su je. Tam Coc ce tasu.

Ma'anar sunan kogo uku. Kogin Ngo Dong ne ya ratsa ta ƙarƙashin duwatsu sau uku, kuma tsakanin kogo da kogo, dama da hagu, shinkafa ce a cikin ruwa har bakin kwale-kwale. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni take nuna ta yi ruwan zinariya. Dashe suke yi, ba yafi ba, kuma a wannan kwarin sau ɗaya ake nomawa a shekara, domin da damina ruwa yana shanye gonakin. Girbin ma a cikin ruwa ake yi, mutum ya shiga har cinya da lauje, yana yanka yana ɗora dami a kwale-kwale. Wanda ya saba da fadamar Kadawa, inda ake tsayar da ruwa ƙasa ta sha iska kafin yanka, zai ga abin da zai yi ta tambaya a kai. Su lura da yadda ake shanya ta a kan siminti a tsakar gida da bakin hanya, ana juyawa da ƙafa da mayayi, ana rige-rige da hadari. Mai neman injin busarwa a nan zai gane dalilin da ya sa mutanen suka damu da shi.

Ga Kawu ma ta fi sauƙi: awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne, ba uku ba. Kujerar kwale-kwale benci ne gajere, gwiwa a naɗe, babu miƙewa. Matuƙan, yawancinsu mata, da ƙafa suke tuƙi, sun jingina baya suna riƙe da lema. Baƙi biyu ake ɗauka a kwale-kwale ɗaya, ke nan su uku sai biyu. A ƙarshen kogo na uku masu talla za su kewaye su a nasu kwale-kwalen, su ce a saya wa matuƙiya lemo, da tsada. Gara a ƙi cikin fara'a, idan an sauka a ba ta kyautar kuɗi a hannunta. A nan a buɗe ido: kuɗinsu dong ne, kuma takardar 500,000 da ta 20,000 duk shuɗaye ne, a ajiye manyan a aljihu daban. Naira ba ta canzuwa a can, su tafi da dala sababbi marasa yagewa, su canza a Hanoi.

Daga nan Bich Dong kilomita biyu zuwa uku ce. Ɗakunan ibada uku ne a jikin dutse, na ƙasa, na tsakiya rabinsa cikin kogo, da na sama. Ƙaramin wuri ne tsoho, ana shiga ta wata gadar dutse a kan tafki. Kawu ya tsaya a na ƙasa, akwai inuwa da wurin zama.

Ɗan Kura ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, iyayena. Kawu ya ce in tambaya: idan an shiga wuraren nan, ana sa mutum ya rusuna ko ya kunna turare? Wannan ne ya fi damunsa.

Malam Na-Auyo ya amsa:

Ba a sa kowa. Hukuncin shiga kuwa, ya tambayi malaminsa kafin ya tashi, ya tafi da zuciya ɗaya. Abin da wurin ke nema daga baƙo kaɗan ne: tufa mai rufe kafaɗa da gwiwa, wanda kaftaninmu ya riga ya biya, cire takalmi a ƙofar zauren da aka ga ana cirewa, rage murya, kada a taka dokin ƙofa sai dai a tsallake, kada a gifta ta gaban mai ibada ko a ɗauke shi hoto yana tsaka da ita. Idan mai talla a ƙofa ya miƙo turaren tsinke ko furanni, na sayarwa ne, a girgiza kai a wuce. Wanda bai so shiga zauren ba yana iya tsayawa a baranda da farfajiya, aikin katako da na dutsen duk ana gani daga nan. Kada dai a shimfiɗa dadduma a harabarsu ba da izini ba, a bari sai an koma masauki.

Sarkin Noma kuma ya fi ni gaskiya a kan Tam Coc, na manta da watan. Su shiga kwale-kwalen farko da safe, kafin motocin Hanoi su iso wajen ƙarfe goma. Su kuma kira masaukin kwana biyu kafin tafiya su ji ko an fara yanka, don idan an girbe, kututture da ruwan laka kawai za su tarar, to a nan sai su koma Trang An.